Jan Gishirin Ƙarƙashin Teku

Labarin ya riga Hafsah isowa Paris. Ranar Litinin da safe aka buɗe ɗakin ajiya na laburatuwar, ɗakin gwaje-gwajen da take aiki a Bron, gefen Lyon, aka tarar babu akwati ɗaya. Kafin la'asar zancen ya sauka unguwar Goutte d'Or, ya bi shagunan aika kuɗi da na gyaran waya, kowane baki na ƙara masa yaji. Wasu suka ce zinariya ce a ciki. Wasu suka ce sirrin wata rijiyar man fetur ne ta sayar wa wani kamfani. Abu biyu dai kowa ya haɗu a kansu: katinta ne ya buɗe ƙofar ranar Lahadi, kuma ita ce ɗiyar Alhaji Ilya, wadda ubanta ya cika wa mutane kunne da ita shekara da shekaru. Masu jaje sun yi yawa, amma in ka dubi idanunsu za ka ga ba kowa ba ne abin ya yi wa zafi.

Malam Chaibou yana gidansa a Bobigny labarin ya same shi. Shi ma, tsakaninsa da Allah, wani ɗan sanyi ya ratsa ƙirjinsa kafin ya yi istigfari.

Mai Sawu ake ce masa. Ubansa mai bin sawun raƙuman sata ne a ƙasar Tanout, a bayansa ya koyi karanta ƙasa. Daga baya ya yi aikin jandarma har ya ajiye kaki, ya kawo matarsa Rékia Faransa neman magani, zama ya kama su. A Paris babu yashi, amma akwai kayan da ke ɓata tsakanin filin jirgi da shago, akwai yaran da ke barin gida, akwai rigimar da mutane ba sa son ta kai hannun polis. Duk wurinsa ake kawowa.

Shi da Alhaji Ilya ƙauyensu ɗaya, rijiya ɗaya suka sha. A lakwal, makarantar boko, Chaibou ne na gaba, Ilya kuwa bai yi nisa ba ya gudu ya kama talla. Yau Ilya ke da shaguna da motar ɗaukar kaya, in ya shigo masallaci ana matsa masa a sahu. Wannan duk Chaibou ya iya haɗiyewa. Abin da ya ƙi wuce masa maƙogwaro shi ne zancen 'ya'ya. Ɗansa tilo, Yanis, ya bar karatu yana kai wa mutane abinci a kan keke, in an yi masa Hausa ya amsa da Faransanci. Ilya kuwa ba ya gama gaisuwa sai ya sako "ɗiyata doktora".

*

Washegari Alhaji ya aiko a kira shi. A bayan babban shagon ya same su, tsakanin buhunan gero da kwalayen dabino. Alhaji ya zabge, hularsa a kan gwiwa. Hafsah tana zaune a kujerar roba, ta iso da jirgin ƙasa na safe. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya, Alhaji ya ce shugabar kamfanin ta ba su zuwa Juma'a. In akwatin bai dawo ba za ta kai ƙara, daga ƙara sai kora, kuma sunan yarinya ya lalace a wannan sana'a har abada.

Chaibou ya ce shi ba ya bin sawun abin da bai san kamarsa ba. Mene ne a akwatin?

"Dutse ne, Tonton," in ji Hafsah. "Gishiri ma, in za a faɗi gaskiya."

Ta yi masa bayani a natse. A can tekun Gini, nesa da gaɓa, an gano mai. Sai dai kafin a kai gare shi, jirgin haƙa zai tsaya a kan ruwa mai zurfin kusan kilomita biyu, ya zura bututu har ƙasan teku, ya huda laka da yashi, sannan ya tarar da gishiri. Tsohon teku ne da ya ƙafe tun zamanin da babu ɗan Adam, kaurinsa ya fi tsawon duk dutsen da Chaibou ya taɓa hawa. Man yana ƙarƙashinsa. Gishirin ne ya tsare man bai tsere ba, shi ne kuma abokin gabar mai haƙa, domin da zafin da ke can da nauyin da ke kansa ba ya zama wuri ɗaya. Tafiya yake a hankali kamar man shanu a rana. Ka huda rami yau, gobe ya matse ramin ya kama bututu, wani lokaci ya murƙushe ƙarfe kamar karan dawa. A tsakiyarsa kuma akwai wani jan gishiri da ya fi sauran saurin tafiya, shi ne babbar matsalar. A rijiyar gwaji an yanko shi dogo kamar taɓarya, abin da suke kira karot, aka naɗe shi aka rufe ruf, aka kawo Bron. Da shi za ta auna saurin tafiyarsa, daga nan a san nauyin lakar da za a cika ramin da ita ta tokare shi, da kaurin ƙarfen da za a sa. In lakar ta yi sauƙi, gishiri ya rufe rami. In ta yi nauyi, ta fasa dutsen ƙasa ta zurare, iskar gas ta taso ta sami mutum fiye da ɗari a kan jirgi.

Chaibou ya tambaya ko babu wani irinsa. Ta ce sai an sake haƙa rijiya, kuma ba za a yi ba. Ƙiyasi za su yi, su ɗora rayukan mutane a kai.

Ya dube ta. Ɗiyar ƙasar da ba ta da teku, ga ta tana zancen ƙasan teku kamar tsakar gidansu, kuma ita aka zaɓa ta hau jirgin wata mai zuwa a matsayin shugabar masu duba dutse. Yanis ya faɗo masa a rai, ya kawar da kai, ya tambayi zancen katin.

Ranar Lahadin, in ji ta, suna aka yi a gidan Rachidou, abokin aikinta, nan cikin Bron. Jakarta tana ɗakin da mata suka tara jakunkuna tun hantsi har magariba, ɗakin da kowa ke shiga ya fita. Katin yana ciki da ta zo, yana ciki da ta tafi. Laburatuwar ba ta da nisa daga gidan sunan, kamarar ƙofar baya kuma ta daɗe da lalacewa. Waɗanda suka san akwatin a cikin mutanen sunan ba su da yawa: Rachidou, sai mijinta Moctar wanda ba ta ɓoye masa komai, sai babanta, wanda ya zo daga Paris da motarsa kuma ta taɓa zagayawa da shi wurin.

*

A Lyon, Rachidou ne Chaibou ya fara nema. Mutumin Tahoua ne, dogo, furfura ta fara cin gemunsa. Ya daɗe a kamfanin, shi ya nuna wa Hafsah yadda ake kunna na'urori ranar da ta fara. Bai bari Chaibou ya yi kwana-kwana ba.

"Malam, na san abin da ya kawo ka. In an cire ta ni za a tura, shi ya sa tun Litinin ko matata wani kallo take mini. Ka tambaye ni ko ina jin haushi, ina ji. Ranar da aka kira sunanta a taro na tafa da kowa, na koma gida ban ci abinci ba. Ta fi ni, na sani, kuma sanin bai rage mini komai ba."

Amma ya ce ya san jan gishiri, kuma ya san mutanen da za su hau jirgin nan da sunayensu. Bai kai lalacewar da zai sa su haƙa a makance ba. Ranar sunan kuwa shi ne mai gida, bai bar baƙi ba sai fita ɗaya da ya yi sayen burodi.

Chaibou ya bi wannan fitar. Mai burodin ya tuna shi, domin ya kwashe masa kanta. Bayan motar Rachidou babu komai sai ɓurɓushin gawayi da warin rago. Bai wanke shi sarai ba, amma ya ji mutumin ya kwanta masa. Wanda hassadarsa ke kan fuska ba kasafai yake bin ƙofar baya ba.

*

Moctar ya tarbe shi a benensu da fara'a, ya ɗora shayi, ya ce Tonton ya kwana a nan, otel na mene ne. Saurayi ne mai tsabta da taushin murya. Shi ya riga Hafsah zuwa Lyon, ya yi digirinsa na doktora a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na hamada. Shi ya nemo wa Hafsah gurbin karatu, ya gyara mata Faransanci, ya aure ta. Aikin da ya yi ta jira bai zo ba, yanzu koyarwa yake a wata makarantar yara, inda duk malami ya yi rashin lafiya a tura shi. Takardun digirinsu biyu suna rataye a bango, kafaɗa da kafaɗa.

Ya yabi matarsa har Chaibou ya gaji da gyaɗa kai. Ya ce shi ya fara koya mata riƙe gudumar fasa dutse, ga shi yau ta wuce kowa. Ya ce sati shida a tsakiyar teku, mace ɗaya ko biyu cikin maza fiye da ɗari, ba abu ne mai sauƙi ga miji ba, amma shi ba mutumin zamanin da ba ne, ya sa mata albarka. Da aka zo kan ranar suna sai ya juya ɗan kofinsa, ya ce akwai abin da ba ya son faɗa domin suruki uba ne. Chaibou ya ce ya faɗa, ba zai wuce nan ba.

Alhaji, in ji Moctar, ya fita da motarsa bayan azahar, bai dawo ba sai kusan la'asar, kuma an ga wani kwali mai nauyi a bayan motar wanda bai zo da shi ba. A wurin sunan ma, gaban mutane, ya ce ɗiyarsa ba za ta hau teku ba yana raye.

Chaibou ya miƙe. Ya ce bari ya sha iska, ya fita baranda. Zafin Yuni ya dafa garin, tiram na wucewa a ƙasa, a kusurwa ga wani takalmin fata an cusa masa jarida an jingine shi a rana. Idonsa ya gani, amma hankalinsa ya riga ya koma Paris.

*

A cikin jirgin komawa ya yi ta shirya yadda abin zai kasance. Alhaji Ilya, mai shaguna, mai sahun gaba, a ce shi ya sace aikin ɗiyarsa. Ya ga fuskokin mutanen Goutte d'Or, ya ga kansa yana cewa a rufa asiri, a yi haƙuri, kowa na iya kuskure. Har daɗin tausayin da zai nuna ya fara ji. Ya kira Rékia ya gaya mata sawu ya fito. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, sawun ne ya kai ka can, ko kai ka ja shi?" Ya ce layin ba shi da kyau, ya kashe.

Laraba da hantsi ya shiga shagon, ya ce a nuna masa kwalin da aka ɗauko daga Lyon. Alhaji ya dube shi ya daɗe, kamar bai gane Hausar ba. Sannan ya tashi da kansa, ya jawo kwalin daga ƙarƙashin kanta, ya yanka igiyar. Kanwa ce, da kantun gishirin Bilma guda biyu naɗe a tsumma. Wurin Illiassou ya karɓo su, wani ɗan kasuwa a Lyon, ga lambarsa in ana so a kira.

"Ni zan kashe sunan ɗiyata, Chaibou?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Na ce ba na son ta hau teku, gaskiya ne, tsoro nake ji. Ko kogin Yamai ban taɓa shiga kwalekwale a kansa ba. Amma babu wanda ban gaya wa za ta hau ba a unguwar nan. Kai ma na gaya maka."

Chaibou ya ce a gafarce shi, aiki ne. Kunya ta rufe Mai Sawu, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya fi ta muni, takaicin cewa kwalin bai zama abin da ya so ba. Don ya sami abin yi da hannunsa ya gutsuri kantun ya ɗora a harshe.

Hafsah, wadda ke tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, ta ce ai ko da an sa nata a kwali ba zai zauna haka ba. Jan gishiri ba irin wannan ba ne. Ɗaci gare shi, kuma mayen ruwa ne; da zarar iska ta taɓa shi sai ya fara zuƙo damshi yana narkewa, shi ya sa ake rufe shi ruf. Ruwan da ke fita daga jikinsa kuma duk abin da ya taɓa ba ya bushewa, ko an shanya shi wata guda, domin shi ma ya koma yana jawo ruwa daga iska. Sabon shiga a laburatuwar, abin da ake fara gaya masa ke nan: kada ya kusanci wurin da takalmin fata.

Chaibou ya ajiye guntun kantun a hankali. Ya tambaye ta yaushe rabon a yi ruwan sama a Lyon. Ta ce tun farkon wata ko ɗigo ba a yi ba.

Sannan Chaibou ya roƙi Alhaji, in har zai iya zama mota ɗaya da shi, ya kai su Lyon gobe, kuma kada kowa ya kira kowa.

*

Bayan la'asar ranar Alhamis suka haɗu a falon Moctar da Hafsah. An kira Rachidou, ya zo ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran hukunci. Alhaji ya ɗauki wuri nesa da Chaibou. Moctar ya yi ta kaiwa da komowa da ruwa da dabino, har sai da Chaibou ya ce ya zauna.

Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce mutum uku ne a wurin sunan da suka san akwatin, kuma kowannensu yana da dalilin da zai so Hafsah ta zauna a tudu. Ya bi Rachidou, sawun ya tsaya wurin mai burodi. Ya bi Alhaji, sawun ya tsaya a kan kanwa, kuma bai kamata ma ya bi shi ba, an nuna masa hanyar ne ya ruga. Daga nan ya tashi ya fita baranda.

Takalmin yana nan inda yake. An canza masa jarida, sabuwar ma ta jiƙe. Ya shigo da shi ya ajiye a tsakiyar falon, ya danna fatar da babban yatsa, damshi ya taso mai santsi kamar mai. Ya taɓa yatsan a harshe, ya yamutsa fuska. Sannan ya tura takalmin gaban Hafsah.

Ta san shi, ita ta saya wa Moctar da albashinta na farko. Ba ta ɗanɗana ba. Ta murza damshin tsakanin yatsu biyu, ta ɗago ta dubi mijinta.

Moctar ya fara cewa ruwan wanke bene ne ya taka, sai ya dubi Rachidou, ya dubi matarsa, ya tuna da waɗanda yake magana da su.

"Ina yake?" in ji Hafsah.

"Hafsah, bari in..."

"Ina yake?"

Yana kab, ɗakin ajiyarsu na ƙarƙashin bene. Maganar ta fito masa a gutsure, kansa a ƙasa. Ranar sunan ya zare katinta daga jaka, ya je ya dawo ya mayar kafin a lura. Bai yi niyyar lalata komai ba. So ya yi akwatin ya ɓace har jirgi ya tashi ba da ita ba, sannan ya mayar. Bai zaci za a kai ga zancen polis ba. A matakalar kab akwatin ya suɓuce masa ya bugi siminti, bai san naɗin ya tsage ba sai da ya sauka dubawa ya ji ƙafarsa cikin ruwa. Rachidou ya ce ai Moctar ma masanin ƙasa ne, ya san abin da ya ɗauka. Moctar ya ce bai duba ba. Sunanta kawai ya gani a jikin akwatin.

Sai ya ɗago, ya dubi Hafsah.

"Ni na ɗauko ki a tasha da jaka ɗaya. Ni na zauna da ke muna gyara kowane shafi. Yanzu in mun shiga taro sai a ce ga mijin doktora. Ni ma doktor ne, Hafsah. Da safe ki tafi inda ake jiran maganarki, ni in tafi raba yara faɗa. Na ce zan iya, na yi ta cewa zan iya. Da suka ce teku, sati shida, ke da su, sai na ga in kika hau jirgin nan ba za ki sauko inda nake ba."

Chaibou ya dubi tafin hannunsa. Ya kama ɓarayi da yawa a rayuwarsa, bai taɓa jin wanda maganarsa ta yi masa kusa haka ba.

Hafsah ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta ce makulli.

*

Kab ɗin yana da sanyi da warin damshi. Akwatin yana bayan tsohuwar katifa, jan ruwa ya malalo daga gindinsa har bakin ƙofa. Da suka buɗe, gefe ɗaya na karot ɗin ya zagwanye kamar sukari a shayi, ɗaya gefen yana nan a naɗe. Rachidou ya cire rigarsa ta sama, Hafsah ta ruga ta kwaso ledar naɗe abinci, suka naɗe abin da ya rage, suka ɗauka tare kamar masu ɗaukar mara lafiya.

A bakin mota Alhaji ya tare ta. Ya ce a rufa asiri, a ce an tsince shi ne a bayan laburatuwar, ba a san wanda ya ajiye ba. Miji miji ne, kuma abin kunyar na gida ne duka.

"Baba, dole su san inda ya kwana, da irin damshin da ya sha," in ji ta. "In na ɓoye wannan, duk awon da zan yi a kansa ƙarya ne, kuma da shi za a haƙa."

Ta shiga mota. Alhaji ya tsaya riƙe da hularsa.

*

Ta faɗa wa shugabar komai. Abin da ya rage na gishirin ya isa awo, da ƙyar. Kamfanin bai kai ƙara ba, bai kuma kore ta ba, amma aka ce wadda katinta bai tsira a cikin gidanta ba ba za a damƙa mata jirgi ba a bana. Rachidou aka tura. Ya zo ya same ta ya ce ba ta wannan hanyar ya so ba, ta ce ta sani, ya tafi kawai, kuma ya kira ta kafin su shiga jan gishiri. Ya kira. Da lissafinta suka ratsa shi, bututu bai kamu ba, kowa ya sauko lafiya. Sunan Rachidou aka ambata a taron ƙarshen aiki.

A Goutte d'Or zance ya juya. Waɗanda suka ce ɓarauniya ce suka koma cewa macen da ke tona mijinta gaban Turawa sai a yi hankali da ita. Alhaji Ilya yana gaida Chaibou gaisuwa cikakkiya, ya tambayi Hajiya Rékia, ya tambayi Yanis, amma bai ƙara ce masa ya shigo bayan shago ba.

Hafsah ba ta koma benen ba, ba ta kuma dawo gidan ubanta ba. Ta kama ɗaki a wani wuri cikin Lyon, ta canza lamba.

Sanyi ya fara shigowa ranar da Moctar ya buga ƙofa a Bobigny. Ya rame, kwalar rigarsa ta yi masa yawa. Rékia ta kawo abinci ta ba su wuri, bai taɓa ba. Ya ce ya je wurin Alhaji an ce ba ya nan. Ya tsaya a bakin laburatuwar, mai gadi ya ce in ya sake zuwa za a kira polis. Ba ya neman komai, so yake ya gan ta sau ɗaya ya yi magana. An ce babu wanda ke ɓace wa Tonton a ƙasar nan.

Chaibou ya zuba shayi ya tura masa. Zai iya gano ta. Yini ɗaya a Lyon ya ishe shi, ya ma san ta inda zai fara. Ya dubi saurayin da tausayin da ba na nunawa ba, irin wanda mutum ke ji wa wanda suke ciwo ɗaya.

"Ɗana, abin da aka sace nake bi," ya ce. "Ita ba a sace ta ba. Da ƙafarta ta tafi."

Moctar ya zauna har shayin ya huce. Da ya tashi, Chaibou ya ɗauki rigar sanyinsa ya raka shi tashar tiram, suka tsaya tare har tiram ɗin ya zo.